Kunya gare mu, amma ban da cikin gem

Akwai wani yaro a layinmu, can bayan Ƙofar Ƙaura, wanda in dai zai wuce majalisarmu sai ya rusuna ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Shekarunsa ba su wuce sha huɗu ba. Mahaifinsa abokina ne tun muna firamare, shi ya sa yake ce mini Baba. Wata Asabar bayan la'asar na shiga shagon mai caji zan karɓi wayata, sai na tarar da shi a lungu ya ba ƙofa baya, ya toshe kunnuwa da iyafis, yatsunsa na ta rawa a kan waya. Bai san na shigo ba. Abin da na ji yana fita daga bakinsa ba zai rubutu a nan ba. Uwar wani yake zagi, ya gama da ita ya koma kan uban, ya gangara har kakanni, wai don wancan bai zo ya ɗaga shi ba lokacin da aka harbe shi a gem ɗin harbe-harbe na Free Fire. Mai cajin ko ɗaga kai bai yi ba. Da ya ga na tsaya sororo sai ya ce, "Malam ai wannan kaɗan ka ji. Ka dawo bayan isha'i."

Na karɓi wayata na fita ban ce wa yaron komai ba. Dalili kuwa, ni ma ina buga gem. Shekara bakwai ke nan ina PUBG da wasu abokai uku, kusan kullum da dare in yara sun yi barci, kuma bakina ba mai tsarki ba ne da zan tsaya kan ɗan mutane ina wa'azi. Sai dai abin ya tsaya mini a rai har kwana biyu, domin wannan yaron na san gidansu, na san irin tarbiyyar da aka yi masa, na san ba a ashar a gaban mahaifiyarsa. To ina ya samo wannan bakin, kuma me ya sa yake ajiye shi a ƙofar shago in zai fito?

Na san abin da wani Bakano ko Bazazzagi zai ce in ya karanta wannan: wai Bakatsine ne ke kuka da zagi? Mun ji, mun karɓa. An daɗe ana tsokanarmu da cewa mu mutanen ashar ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a garin nan ya san tsokanar ba ta rasa tushe ba. Amma wanda ya zauna da mu ya san ashar ɗin nan yana da ƙa'ida. Aboki ke lailayo shi ya maka wa abokinsa, su tafa su yi dariya, a kawo shayi. Mutumin da ya gama ƙunduma shi yanzu, da zarar ya hango surukinsa ko wani dattijo ya tunkaro, sai ka ga ya haɗiye sauran ya gyara hula. Kirarin da ake yi mana ma cewa ya yi, Katsina ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kunyar nan ita ce linzamin. Ita ke sa a san wanda ake yi wa, da inda ake yi, da inda ake tsayawa.

Haka duk wasannin bakinmu suke. Taubashi ya tsokani taubashinsa, jika ya ce wa kakarsa matarsa ce ta tsufa, Bakatsine ya ce wa Banufe bawansa, Bafulatani da Babarbare su yi ta yi har a gaji. Babu mai fushi, domin kowa ya san akwai zumunci a ƙarƙashin maganar, kuma gobe ma za a haɗu. Je ka gindin bishiya inda tsofaffi ke dara ka ji irin gorin da ake yi wa wanda aka cinye. Je ka gidan dambe ka ji kirarin da ɗan dambe ke yi wa kansa, kamar zai cinye abokin karawarsa ɗanye, amma in ya kai shi ƙasa sau da yawa shi zai miƙa hannu ya ɗaga shi. Mu ba baƙin zolaya ba ne. Wasa ba tare da zolaya ba ai lami ne. Saboda haka duk wanda ya ce mini abin da ake yi a gem shi ma zolaya ce, sai in tambaye shi: wane zumunci ne a ƙarƙashinta? Wa zai ce "kai, ka wuce gona da iri" in an wuce?

Abin da gem ya cire ke nan. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, John Suler, ya yi rubutu a 2004 kan dalilin da ke sa mutane su saki baki a intanet fiye da yadda suke yi ido da ido. Cikin abubuwan da ya lissafa akwai ɓoyuwar suna, da rashin ganin juna, da ɗaukar abin kamar wata duniya ce daban wadda dokar gida ba ta kai can, da kuma rashin wani babba da ake jin nauyinsa. Bature ya rubuta da nasa harshen, amma duk wata tsohuwa a Katsina za ta taƙaita maka shi da cewa ido ke jin kunya. A cikin gem babu ido. Yaron nan ba ɗan Alhaji wane ba ne a can, wani suna ne mai haruffa a karkace da hoton ƙwarangwal. Wanda yake zagi shi ma suna ne kawai. Minti goma ko ashirin wasa ya ƙare, kowa ya kama gabansa, ba za su sake haɗuwa ba har abada.

Ga kuma yadda aka gina wasannin kansu. A PUBG mutum ɗari ake zubawa a tsibiri, a Free Fire hamsin, sau da yawa huɗu-huɗu, kuma in ba ka da abokai sai na'ura ta haɗa ka da mutum uku da ba ka taɓa ji ko gani ba. Makinka na ranki yana hawa ko sauka ne da abin da suka yi. Wato an ɗaura ƙafarka da ta baƙo an ce ku yi tsere. Ka kwana uku kana tara maki, wani ya yi kuskure ɗaya ya zubar maka da su. A nan ƙasar kuma asarar ba ta maki kaɗai ba ce. Data kuɗi ce, tun ba bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025 ba. Caji ma kuɗi ne. Yaron da ya hana cikinsa awara ya sayi data, ya biya mai caji, aka fitar da shi a minti na biyu, zuciyarsa tafasa take yi da gaske. Ban raina wannan fushin ba, na san shi.

Abin takaicin shi ne mafi yawan lokuta wanda ake zagin ba shi da laifi. Ka ga abokin wasanka ya tsaya ƙiƙam a fili ana harbinsa bai motsa ba, ka ce wawa ne. Alhali lambar nan ta gefen allo da ke nuna jinkirin sabis ta haura ɗari uku ta yi ja, yana danna waya ba ta amsawa. Ko an ɗauke wuta fanka ta tsaya wayar ta yi zafi tana sarƙewa. Ko mahaifiyarsa ce ta ƙwala masa kira. Duk wanda ke buga gem a Arewa ya san waɗannan, domin shi ma suna samunsa. Amma in ta same ni sabis ne, in ta sami wani daƙiƙi ne.

Bari in faɗi tawa. Wani dare abokanmu biyu ba su hau ba, muka bar na'ura ta cike mana gurbi. Muna dab da ƙarshe, saura tawaga uku, ɗaya daga cikin baƙin ya jefa gurneti ta dawo kanmu. Na buɗe maik na zazzaga masa abin da ya sawwaƙa, da Hausa, don na ji yana Hausa tun farko. Ban taɓa uwarsa ba, amma na kira shi da sunayen da ba zan so a kira ɗana da su ba. Ya yi shiru. Can sai wata 'yar siririyar murya ta ce, "Yaya yi haƙuri, wayar yayana ce, jiya na fara." Ba zai wuce shekara goma ba. Kafin in haɗa kalmar ban haƙuri ya fita. Ba ni da lambarsa, ban riƙe sunansa ba, babu inda zan same shi. Ina da gemu, ina da 'ya'ya uku, ina koyar da 'ya'yan mutane da rana, ga abin da na koya wa ɗan wani da dare.

Shi ya sa ba na yarda in aka ce wai wasu 'yan tsiraru ne marasa tarbiyya ke ɓata gem. Kamfanin Riot Games, masu League of Legends, sun daɗe suna bin diddigin wannan matsala. Tun 2011 suka kafa wani tsari kamar kotu, inda a lokacin 'yan wasa da kansu suka riƙa duba ƙorafin da aka kai suna yanke hukunci. Abin da masu bincikensu suka bayyana shi ne, mafi yawan munanan maganganu ba daga riƙaƙƙun mazaga suke fitowa ba, daga mutanen kirki ne da ranar ta zo musu a karkace. Ni ke nan, da yaron layinmu, da wataƙila kai mai karatu. Wannan ya fi tayar da hankali, domin riƙaƙƙe ana iya korarsa a huta, amma ba a korar kowa da kowa.

Akwai wani abu game da zaginmu na Hausa da ya kamata mu tsaya a kansa. Bature in zai zage ka a gem yakan tsaya a kanka, ya ce ba ka iya ba, ya kira ka bot, wato ɗan wasan da na'ura ke sarrafawa. Mu kuwa kai tsaye gida muke nufa. Kalma ta farko uwa, ta biyu uba. Matar da ke can tana tuƙa tuwo, ba ta san akwai wani tsibirin PUBG wai shi Erangel ba, ita ake kwashe wa albarka. Kuma duk mun san hadisin, yana cikin Bukhari da Muslim, yara ma sun haddace shi a Islamiyya: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yana daga manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa. Aka ce ya za a yi mutum ya zagi iyayensa? Ya ce ya zagi uban wani, shi kuma ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani, shi kuma ya zagi uwarsa. Ban san wani wuri a duniyar yau da wannan hadisin ke aukuwa sau dubu a dare ɗaya kamar cikin maik ɗin gem ba. Ba a kuma ce ban da wanda ya sa iyafis ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ita ma ba ta ware wanda ba ka san fuskarsa ba.

Mu ma fa ana yi mana. Duk Bahaushen da ya taɓa buɗe maik cikin tawagar 'yan Kudu ya san abin da ke biyo baya in an ji harshensa. Wani zai ce aboki, da irin muryar da ba abota ake nufi ba. Wani zai ce Boko Haram. In ka kuskura ka ce daga Katsina kake, sai ka ji an ce ɗan bindiga, ina shanun da ka sato. Ka yi tunanin yaron da aka kore su daga ƙauyensu a Batsari ko Jibiya, suka dawo birni zaman haya, ya ari waya don ya ɗan manta, wani daga Legas ya kira shi da sunan waɗanda suka ƙona gidansu. In 'yan ƙasar waje ne kuma, da sun ji Najeriya sai maganar damfara da baƙar fata. Yana da ciwo, ban musa ba. Amma na sha jin namu suna ramawa da arne, da inyamuri, da abin da ya fi haka muni, har su riga farawa. Yaron da bai taɓa tsallake Zariya ba, iliminsa na farko game da Ibo ko Bayarabe shi ne wanda ya zagi uwarsa a Call of Duty. Shi ma wancan haka. Waɗannan ne za su yi hidimar ƙasa tare nan da shekara takwas.

Mata kuwa nasu ya fi na kowa. Ƙanwar matata tana jami'a, ta fi ni iya harbi nesa ba kusa ba, amma sunan namiji take amfani da shi kuma ba ta taɓa buɗe maik. Ta ce da an ji muryar mace wasa ya ƙare: wannan ya nemi lamba, wannan ya ce ta je ta yi wanke-wanke, wanda ta ƙi kulawa ya kira ta da sunan da Bahaushe ke jifan mace da shi in ya rasa abin faɗa. Mu da muke tinƙaho da kare mutuncin mata, mun mayar da wuri guda inda sai mace ta yi shigar maza kafin a bar ta ta zauna lafiya.

To me za a yi? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce ka kashe muryarsa, ka yi masa rifot, ka yi bulokin ɗinsa. Ina yin duka ukun, kuma ina ba kowa shawara ya yi. Kashe muryar mutum daƙiƙa biyu ne, ya fi ka tsaya cacar baki wadda babu mai cin ta. Ramuwa ba ta taɓa sa mazagi ya yi shiru ba, abin da yake nema ke nan, kuma in an zo duba ƙorafi ku biyu za a samu da laifi. Sai dai a san iyakar wannan maganin. A wasan tawaga kunne makami ne, ta nan ake ce maka ga mutum a bayanka. Wanda ya toshe kunne don kada a zage shi ya shiga yaƙi da rabin kayan aiki, shi kuma mazagin ya wuce wasa na gaba da bakinsa a sake. Wanda aka zalunta shi ya biya tara.

Rifot kuma yana da tasa matsalar da ta shafe mu musamman. A 2023 kamfanin Activision ya sa wata manhaja mai suna ToxMod a wasannin Call of Duty na kwamfuta da na'urar gem, wadda ke sauraren maganganun 'yan wasa tana tsamo zagi da cin zarafi. Da Turanci ta fara. Matatar kalmomin da ke rufe zagi da taurari in ka rubuta, ita ma Turanci ta fi sani, da sauran harsunan da kamfanoni ke samun kuɗi da masu su. Rubuta ashar ɗin Hausa mafi nauyi, sau da yawa zai wuce salin-alin kamar ka ce ina kwana. Ko da an koya wa na'ura kalmomin, wa zai koya mata habaici da gugar zana? Bahaushe zai iya tsige ka tas ba tare da kalmar batsa ko ɗaya ba. Saboda haka mu daina jiran wani mai kamfanin gem a Singafo ko Kalifoniya ya zo ya tsare mana bakin 'ya'yanmu. Bai ma san ana yi ba.

Wani lokacin abin yana tsallake baki. A Disamban 2017, a garin Wichita na Amurka, gardama kan cacar dala ɗaya da rabi a Call of Duty ta sa wani ya kira 'yan sanda da rahoton ƙarya, suka je wani gida suka harbe mutumin da ko wasan ba ya ciki. Wanda ya yi kiran an ɗaure shi shekara 20. Namu haɗarin kamarsa daban. Garin nan ƙarami ne, 'yan gem suna da guruf-guruf a WhatsApp, ana shirya gasa tsakanin unguwa da unguwa, a gidajen gem kuma wanda aka ci shi ke biyan kuɗin fad, wato abin da ake riƙewa a buga wasan. Zagin da aka fara a gem ɗin ƙwallo na eFootball da daddare yana iya zama "mu haɗu a Ƙofar Marusa" da safe. In magana ta kai ga barazana, ko neman yaɗa hoton wani, ko baligi yana bin yaro yana neman lambarsa da adireshinsa, wannan ya wuce a yi shiru. A ɗauki hoton allo, a nuna wa babba, a kai inda ya dace. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashe na 24 ya taɓo barazana ta waya. Ban ce a kai yaro caji ofis don ya ce wa wani jaki ba, kuma mun ga yadda aka sha amfani da sashen nan a kan 'yan jarida. Amma barazana barazana ce.

Sai masu cewa a hana gem ɗin baki ɗaya a huta. Na fahimce su, yawancinsu iyaye ne da suka ji abin da na ji. Akwai ƙasashen da suka gwada. Indiya ta rufe PUBG Mobile a 2020, ko da yake dalilinta rikicinta da Sin ne da batun bayanan jama'a. Sin kanta a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da sha takwas awa uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, kuma akwai yaran da da gaske sun kai can, ba barci ba karatu. Amma uban da ya ƙwace waya a Katsina me ya yi? Ya tura ɗansa shagon mai caji ne, ko ɗakin abokinsa, inda babu mai jinsa sam. Sannan in za mu faɗi gaskiya, a garin da iyaye ke fargabar ɗansu ya bi ƙauraye ko ya faɗa shaye-shaye, yaron da ke ɗaki bayan magariba yana harbin zane a waya ba shi ne babbar musiba ba. Na ga yara sun koyi Turanci a gem fiye da abin da na koya musu a aji, abin kunya gare ni. Na ga sun yi abota da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi. Ba na son a rushe majalisar, so nake a samu babba a cikinta.

Kuma babban nan ba wani ne daga waje ba. Mu ne da ke ciki. A kowace tawaga ta mutum huɗu in ɗaya yana zagin ɗaya, akwai biyu da suka yi shiru, kuma shirun nan shi mazagi ke ɗauka a matsayin tafi. Na gwada, na ga aikinsa: kalma ɗaya tak, da wuri, kafin wuta ta kama. "Malam bar zagin nan, mu yi wasa." Ko "ɗan'uwa sabis ne ya riƙe shi, zo mu ɗaga shi." Ba kullum take ci ba, wani kai ma zai haɗa da kai. Amma sau da yawa sai ka ji mutum ya sassauta murya, domin a take ya tuna ashe mutane ne ke jinsa. In kuma da Hausa ka yi masa, ka ce masa "haba ɗan'uwa, Bahaushe da kai", sai ka ji kamar an watsa masa ruwa. Kunyar tana nan, ba ta mutu ba, ido take jira.

Mu huɗun nan da muke wasa mun yi wa kanmu doka tun bayan abin da ya faru da ƙaramin yaron nan. Zolaya a yi ta son rai, wanda ya mutu da farko har waƙa ake yi masa. Amma duk wanda ya taɓa iyayen wani, namu ko baƙo, shi zai saya wa sauran data ta mako. Sau biyu aka ci tarar, ɗaya ni ne. Masu gidajen gem ma suna da irin wannan ikon in sun so: wanda ya iya hana a shigo masa da sigari zai iya cewa duk wanda ya yi ashar ya ajiye fad. Iyaye kuma, maimakon ƙwace waya, wata rana a ce wa yaro ya cire iyafis ya buga a falo, a zauna a saurara. Za a ji abin da yake faɗa, za a kuma ji abin da ake faɗa masa, wanda sau da yawa shi ne bai taɓa gaya wa kowa ba. Malamanmu na Islamiyya da ke karantar da babin kiyaye harshe, da za su ambaci maik ɗin gem da sunansa, da yara sun gane ashe da su ake.

Bayan kwana uku na kira yaron layinmu gefe, ba a gaban mahaifinsa ba. Na ce, "Na shiga shagon mai caji ranar Asabar." Ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Na ce mi wancan ya yi maka da zafi haka? Ya daɗe yana wasa da yatsu, sannan ya ce, "Baba ai ban san shi ba." Na ce to ni ma akwai wanda ban sani ba, na ba shi labarin mai gurneti. Ya ɗago ya dube ni, ina jin bai taɓa zaton ina gem ba, balle zagi.

Yanzu duk daren Juma'a, in ɗaya daga cikinmu bai hau ba, shi ke cike gurbi da izinin mahaifinsa, na saukar masa da PUBG a tsohuwar wayata. Ya fi mu duka iyawa. In na yi shirme ina jin numfashinsa a maik, ina jin kalmar ta taho har bakin haƙori, sai ya ce, "Baba... don Allah ka riƙa ɓoyewa bayan dutse mana." Na tambayi mai caji yadda yake in yana tare da sa'o'insa. Ya ce ya rage, bai daina ba, amma shekaranjiya ya ji shi yana ce wa wani ƙarami ya bar zagin uwar mutane. Yana cikin ba ni labarin janaretonsa ya mutu, ya juya ya ɗura masa wani ashar da sai da na duba ko akwai yaro a shagon.